BABI NA UKU: SANARWAR FUSKAR WAYA DA SIRRIN MAI WAYA A UNGUWAR YALWAWA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan unguwar Yalwawa da ke cikin garin Dutse, hedikwatar Jihar Jigawa, da kuma yadda wayar hannu ta shiga rayuwar jama'a tun bayan da kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki a Nijeriya a shekarar 2001. A wannan babi kuwa za a dubi sanarwar da ke faɗowa a fuskar waya. Za a kawo ma'anarta da ire-irenta da hanyar da take bi kafin ta iso, sannan a nuna yadda take tona sirrin mai waya da irin ikon da yake da shi a kanta. Manufar babin ita ce a nuna cewa idon na kusa ya fi na nesa haɗari ga sirrin mai waya, kuma maganin abin yana cikin wayar da ke hannunsa.

3.1 Ma'anar Sanarwar Fuskar Waya

Abin da ake nufi da sanarwar fuskar waya a wannan nazari shi ne gajeren saƙon da ke bayyana a saman gilashin babbar waya ba tare da mai ita ya nema ba, sau da yawa tare da ƙara ko girgiza. Yakan bayyana ko da wayar tana kulle. Ana iya kasa shi gida huɗu kamar haka:

(a) Sanarwar zumunci, wato saƙon WhatsApp ko Facebook ko tes daga 'yan'uwa da abokai.

(b) Sanarwar kuɗi, wadda jama'a suka fi sani da "alat". Ita ce ke nuna shigar kuɗi ko fitarsu da kuma abin da ya rage a asusu.

(c) Sanarwar tabbatarwa, wato lambar da banki ko wata manhaja ke turowa don a yi amfani da ita sau ɗaya tak.

(d) Sanarwar talla, kamar tallar data da waƙar kira da caca da rancen kuɗi.

3.2 Hanyar da Sanarwa ke Bi

Tes da alat na banki sukan biyo ta kamfanin layi. Sanarwar manhaja kuwa ta intanet take zuwa, kuma ba kai tsaye take tahowa ba. Idan aka saka manhaja a waya, ana ba wayar wata lamba ta musamman mai kama da adireshi. Duk lokacin da masu manhajar suke son aiko da sanarwa, sai su miƙa ta ga kwamfutocin kamfanin Google idan wayar Android ce, irin su Tecno da Itel da Infinix da suka fi yawa a hannun jama'a, ko ga na kamfanin Apple idan iPhone ce. Daga can ake isar da ita. Apple ya fara wannan tsari a shekarar 2009, Google ya biyo baya a 2010.

Bisa ga haka, akwai ɗan aike tsakanin mai aikowa da mai karɓa, kuma ɗan aiken ya san wace manhaja ce ta aika wa wace waya, da lokacin da aka aika. A watan Disamba na 2023 wani sanata a Amurka, Ron Wyden, ya bayyana cewa gwamnatoci suna neman irin waɗannan bayanai daga kamfanonin biyu. Wannan shi ne idon na nesa.

3.3 Sirri a Al'adar Bahaushe

Bahaushe ya daɗe da sanin darajar sirri, shi ya sa yake cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tsarin gidansa ma ya nuna haka. Baƙo namiji iyakarsa zaure, a nan zai yi sallama ya jira a amsa, kuma akan gina ƙofar ciki a karkace don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Addinin Musulunci ya ƙara ƙarfafa wannan ɗabi'a, domin aya ta 27 a Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani, aya ta 12 a Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane.

Idan aka auna sanarwar fuskar waya da wannan ma'auni, za a ga ta saɓa wa tsarin ta fuska biyu. Da farko tana shigowa ba sallama, ko ana salla ko ana zaman makoki ko tsakar dare. Na biyu, tana ɗauko abin da ya kamata ya tsaya a ƙuryar ɗaki ta ajiye shi a zaure. Misali, tun shekarar 2016 WhatsApp ke kulle saƙo a hanya ta yadda ko kamfanin ba ya iya karanta shi, amma da zarar ya iso, sai farkonsa ya fito fili a fuskar waya tare da sunan mai aikowa.

3.4 Wuraren da Sirri ke Fita a Yalwawa

A Yalwawa, kamar sauran unguwannin Dutse, waya ba ta cika kwana a hannu ɗaya ba. An lura da wurare huɗu da sanarwa ke faɗawa idon wanda ba dominsa aka aiko ta ba.

Na farko shi ne shagon caji. Saboda ƙarancin wutar lantarki, mutum yakan bar wayarsa na sa'o'i a kan tebur tare da wasu da dama. Duk alat ɗin da ya shigo a lokacin, mai shago da masu jiran tasu suna iya gani.

Na biyu shi ne wurin ciniki. Tun ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan canjin fasalin naira a farkon 2023, tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare. Mai shayi da mai kanti da mai POS da 'yan kasuwar Shuwarin duk da alat suke tabbatar da ciniki. Wanda ya nuna alat don a gaskata shi, ya nuna har da abin da ya rage masa a asusu.

Na uku shi ne cikin gida, inda yara kan karɓi waya don kallo, ko kuma matan aure su yi aron ta maigida. A gidan da ke da kishiyoyi, saƙo guda da ya faɗo ba a kan lokaci ba ya isa ya haddasa zargi da gaba.

Na huɗu shi ne wajen mai karanta wa wani saƙo. Galibin sanarwa da Turanci take zuwa, don haka dattijo ko matar da ba ta yi boko ba sai ta miƙa wa wani ya fassara mata. Mafi munin abin shi ne lambar tabbatarwa. Wanda ya hango lambobi shida da WhatsApp ke turowa yana iya ƙwace asusun mutum, ya shiga roƙon kuɗi da sunansa a wurin danginsa.

3.5 Ikon Mai Waya

Ikon mai waya a kan sanarwa ya kasu kashi biyu: na cikin waya da na hukuma.

Ta fuskar waya, tun fitowar Android 5 a 2014 ana iya shiga saiti a ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa muddin wayar tana kulle, ta yadda sunan manhaja kawai zai fito. Android 8 na shekarar 2017 ya ba da damar rarrabe sanarwar manhaja ɗaya, a kashe ta talla a bar ta kuɗi. Daga Android 13 na 2022 kuwa, wajibi ne sabuwar manhaja ta nemi izini kafin ta fara aiko da sanarwa. A iya cewa a nan ne aka koya wa manhaja yin sallama. Sai dai ɓoye saƙo ba ya amfani idan ba a sa wa wayar lambar kulle ba, kuma tsofaffin wayoyi ba su da wasu daga cikin waɗannan damammaki.

Ta fuskar hukuma, sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta tarho. A shekarar 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fito da lamba 2442. Wanda ya tura kalmar STOP zuwa gare ta za a daina aiko masa da tes na talla, kuma yana iya kai ƙorafi ta lamba 622. A 2022 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, ta ɗauki mataki a kan manhajojin bashi da ke kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashi suna aika wa danginsa saƙon cin mutunci. Haka kuma a watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta ba mutum ikon janye amincewarsa da kuma ƙin yarda a yi amfani da bayanansa don talla.

Duk da haka, waɗannan dokoki sun fi shafar kamfanoni da hukumomi. Ba su isa su kawar da idon mai shagon caji ko na abokin zaman majalisa ba. Wannan ya rage ga mai waya, shi kuma babban cikas ɗinsa shi ne harshe, tunda saitin yawancin wayoyi da Turanci ake barinsa, kuma mai shago ne ke daidaita shi ranar da aka saya.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an kawo ma'anar sanarwar fuskar waya da ire-irenta huɗu, an bi hanyar da take bi, an kuma auna ta da matsayin sirri a al'adar Bahaushe. An ga cewa a Yalwawa sirri ya fi fita ta shagon caji da wurin ciniki da cikin gida da wajen mai fassara saƙo. An kuma ga cewa hanyoyin kariya suna nan, amma rashin bayaninsu da Hausa ya hana da yawa cin moriyarsu. A babi na gaba za a nazarci kalmomin da Hausawa suka aro ko suka ƙirƙira a wannan fanni, irin su alat da saiti da manhaja, don a ga ko za su wadatar wajen wayar da kan jama'a.