Ƙididdigar Farfajiyar Ɗaki da Kayan Gini a Manhajar Zayyana: Misali daga Ajin Makaranta a Ƙasar Rano da Kibiya

Gabatarwa

Rano tsohon gari ne da tarihi ya lasafta cikin Hausa Bakwai. A shekarar 2024 dokar Jihar Kano ta haɗa ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashin Masarautar Rano mai daraja ta biyu. Duk wanda ya ratsa garuruwa da ƙauyukan wannan yanki zai ga gini iri biyu kafaɗa da kafaɗa: soron ƙasa na tubali da azara, da kuma ginin bulo da siminti mai rufin kwano, wanda shi ne siffar yawancin azuzuwan makarantun firamare. Tun bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, gina azuzuwa da gyaransu ya zama aikin da ba ya yankewa, kuma shugaban makaranta da kwamitin kula da makaranta su ne idon jama'a a kan aikin. Ɗalibi mai koyon malanta wata rana shi za a miƙa wa takardar ƙididdigar kaya wadda kwamfuta ta fitar, a ce ya duba. Saboda haka ya kamata ya san yadda ake samun alƙaluman da ke cikinta.

Daga Kamu zuwa Manhaja

Maginin gargajiya na ƙasar Hausa da jikinsa yake awo. Yana da taƙi da kamu da gaba da taki, kuma tsawon azara shi ke iyakance masa faɗin ɗakin da zai rufa, sai fa in zai yi ɗaurin guga. Ƙididdigar tubali kuwa a kansa take, gwargwadon ƙwarewarsa. Da ginin bulo ya yaɗu sai birkiloli suka rungumi inci da ƙafa, har yau ma ana cewa bulo mai inci tara ko mai inci shida, da ɗaki sha biyu-sha biyu, alhali taswirar gini da mita ake zana ta. Ɗakin nan mai ƙafa 12 ta kowane ɓangare murabba'in mita 13.4 ne kacal, domin murabba'in mita ɗaya ya kai murabba'in ƙafa 10.76. Cakuɗa waɗannan ma'aunai biyu na daga cikin manyan hanyoyin da kuskure ke shigowa.

Manhajar AutoCAD ta fito a 1982 daga kamfanin Autodesk na Amurka, kuma asalinta layuka take zanawa kamar yadda ake yi da fensir a kan takarda. Daga baya aka sami manhajoji irin su ArchiCAD ta kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangari, da Revit wadda ta fito a 2000, Autodesk ya saye ta a 2002. Bambancin waɗannan shi ne bango a cikinsu yana ɗauke da bayanin kaurinsa da tsayinsa da kayan da aka yi shi da su. Idan mai zayyana ya saka taga, manhajar za ta huda bangon da kanta, ta rage girman tagar daga jimillarsa. Daga nan ake umartar ta da ta fitar da jadawalin ɗakuna ko na kayan gini.

Bango Ɗaya, Amsa Uku

A ɗauki misalin aji guda a wata firamare ta ƙasar Kibiya, mai tsawon mita 8 da faɗin mita 7 daga ciki, da tsayin mita 3 daga daɓe zuwa silin. Yana da ƙofa biyu, kowace mita 0.9 sau 2.1, da taga huɗu, kowace mita 1.2 sau 1.2. An gina shi da bulo mai inci tara, wato kaurin milimita 225.

Daɓe ba shi da wata wahala: 8 sau 7, murabba'in mita 56, kuma silin ma haka. Wannan shi ne adadin da manhaja ke fara nunawa da zarar an sanya wa ɗaki suna. Sai dai ko a nan akwai abin lura. A Revit, mai aiki ne ke zaɓar inda awon ɗaki zai tsaya, ko a fuskar bango ko a tsakiyarsa. Idan aka zaɓi tsakiya, ajin nan zai tashi murabba'in mita 59.4, wato an ƙara masa fiye da uku waɗanda ba kowa zai taka ba, don suna ƙarƙashin bango.

Bangon ne ke da sarƙaƙiya. Kewayen ajin daga ciki mita 30 ne, idan aka ninka da tsayi sai a sami murabba'in mita 90. Ƙofofin biyu sun cinye 3.78, tagogin huɗu sun cinye 5.76, jimilla 9.54. Abin da ya rage, 80.46, shi ne fuskar da za a yi wa filasta da fenti daga ciki. Amma mai ƙirga bulo ba da wannan adadi zai yi aiki ba, domin bulo yana cika kusurwoyi. Shi layin tsakiyar bango zai bi, wanda tsawonsa mita 30.9 ne, ya ba shi 92.7, bayan cire ƙofofi da tagogi ya rage 83.16. Mai filastar waje kuma kewayensa mita 31.8 ne, sakamakonsa 85.86. Ga bango ɗaya ya ba da amsa uku, kuma kowace daidai ce a muhallinta.

Fuskar bulo milimita 450 ce sau 225, don haka magina kan ɗauki bulo goma a kowane murabba'in mita. Da wannan lissafi ajin na buƙatar kimanin bulo 832. Wanda ya yi amfani da awon ciki zai sami 805, ya gaza da 27. Wannan adadi bai haɗa da harsashi ba, bai haɗa da ƙuryar saman bango da ke ɗaukar rufi ba, kuma ba a cire gurbin lintal na kankare ba. Akan kuma ƙara kimanin kashi biyar cikin ɗari saboda waɗanda za su farfashe a mota ko a hannun lebura, musamman inda hanya ba ta da kwalta.

Kuskuren da ya fi wannan tsada shi ne na bangon tsakiya. Azuzuwan firamare a jere ake gina su, biyu ko uku a ƙarƙashin rufi ɗaya. Bangon da ya raba aji biyu fuskoki biyu gare shi, saboda haka sau biyu ake ƙirga shi wajen fenti da filasta, amma sau ɗaya wajen bulo. Wanda ya ƙididdige aji ɗaya sannan ya ninka uku ya ƙirga bango biyu da babu su. Kowanne kimanin murabba'in mita 21 ne, ke nan bulo wajen 420 sun shiga takarda ba tare da sun shiga gini ba. Kuɗin waɗannan bulo, da simintin ɗora su, da ladan birkila, duk daga asusun jama'a za su fita.

Daga Farfajiya zuwa Buhu da Bokiti

Filasta mai kaurin milimita 15 a kan murabba'in mita 80 na cin kwaɓin da ya kai mita 1.2 na girman ciki. Idan aka haɗa siminti kashi ɗaya da yashi kashi shida, za a buƙaci buhu shida zuwa bakwai masu nauyin kilo 50. Idan kuwa kashi ɗaya ne da huɗu, sai kimanin buhu tara. Manhaja ba ta da ikon sanin wanne aka kwaɓa a wurin aiki, abin da aka rubuta mata kawai take ninkawa. Filastar da aka tauye wa siminti ita ce ke zubowa bayan damina biyu ko uku, a bar yara suna karatu a gaban bangon da ke ɓarewa.

Fenti kuma, idan aka ɗauka lita ɗaya na rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafi ɗaya, shafi biyu na cikin ajin zai ci lita 16, wato bokiti ɗaya mai lita 20 ya wadatar. Sabuwar filasta ta fi shan fenti, bango mai kaushi ma haka. Ya kamata a sani cewa jadawalin ɗaki a Revit yana ba da girman daɓe da kewaye, kuma kewayen nan bai cire faɗin ƙofa ba. Mai neman fuskar fenti ta kowane ɗaki sai ya koma jadawalin bango da na kayan gini, ko ya yi ragin da hannunsa.

Ginin ƙasa kuwa ya fi wuyar shiga wannan tsari. Bangon tubali yana da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa, kusurwoyinsa a lanƙwashe suke, kuma yaɓen da ake sabunta masa kafin damina yana ƙara masa jiki shekara bayan shekara. Manhaja ta saba da bango miƙaƙƙe mai kauri ɗaya. Duk mai son zayyana gyaran tsohon soro a Rano dole ya auna kaurin bangon a ƙasa da tsakiya da sama, ya kuma tuntuɓi magini.

A Nijeriya wannan aiki na ƙididdiga sana'a ce mai zaman kanta, ƙungiyar masu yin ta an kafa ta tun 1969, kuma su ke shirya takardar ƙididdigar kaya da ake ba ɗan kwangila. Malamin makaranta ba zai maye gurbinsu ba. Abin da ake buƙata gare shi tef ne na awo da takarda da biro: ya auna ajin, ya ƙirga ƙofofi da tagogi, ya tambayi daga wace fuskar bango aka ɗauki kowane adadi, da kuma sau nawa aka ƙirga bangon tsakiya. Wannan awo zai iya yin sa tare da ɗaliban aji biyar da shida a darasin lissafi, su auna ajin da suke zaune a ciki, su kwatanta abin da suka samu da abin da ke cikin takarda.