Sa'ad da Amsar Addu'a Ta Yi Jinkiri

Kowace shekara idan jarrabawar WAEC ta matso, ɗakin sujadarmu yakan cika tun da asuba, har da waɗanda a sauran watanni sai an tashe su da ƙyar. Wannan ba laifi ba ne. Amma bayan sakamako ya fito mukan ji wani ɗalibi yana cewa, "Malam, na yi addu'a har da azumi, ga shi lissafi ya kā da ni. To, ina amfaninta?" Tambaya ce ta gaskiya, bai kamata mu tsawata wa mai yinta ba.

Kuskurenmu shi ne mukan ɗauki addu'a kamar ciniki: mu biya da azumi, Allah ya miƙo abin da muka zaɓa. Ba haka Ubangijinmu Yesu ya yi a Getsamani ba. Sau uku ya roƙi Uba a ɗauke masa ƙoƙon wahala, bai ɓoye nauyin zuciyarsa ba, duk da haka ya miƙa kansa ga nufin Uban. Ba a ɗauke ƙoƙon ba, ta wurinsa kuwa cetonmu ya zo. Ashe addu'ar bangaskiya tana da hannu biyu: ɗaya yana roƙo a fili, ɗaya yana sakin amsar ga Mai Iko Duka.

Mu duba tarihin bishara a ƙasarmu. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara can cikin ƙasa. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma Kanada. Ya sāke zuwa a 1900, zazzaɓin cizon sauro ya mai da shi gida. Wa zai ce ba a yi musu addu'a ba? Sai a 1902 wata ƙungiyar da ya aiko ta kafa tasha a Patigi, a bakin kogin Kwara. Daga wannan aiki na SIM ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Gowans da Kent ba su ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, mu ne muke cin amfanin gonar da suka share.

Kada dai wani ya ce tun da nufin Allah ne zai tabbata, bari ya nade hannu. Bingham da ya kasa komawa da kansa, ya zauna ya tara mutane da kuɗi ya aiko waɗansu. Haka nan ɗalibin da lissafi ya kā da shi, ya gaya wa Ubangiji baƙin cikinsa ba kunya, sa'an nan ya ɗauko littafinsa ya yi rajistar jarrabawa ta gaba. Mu malamai muna nan, ƙofar ofishinmu a buɗe take bayan an tashi daga aji.