Tsagewar Ƙaramin Shasi: Walda Ko Sauyi Ga Masu Tsofaffin Motocin Ƙawa A Jos

JOS — Daga cikin matsalolin da suka fi cin kuɗin masu tsofaffin motocin ƙawa na Turai akwai tsagewar ƙaramin shasi, wato ƙarfen nan da makanikai ke kira kurosmemba. An ɗaure shi da kusoshi a ƙarƙashin mota, kuma a kansa inji da hannuwan ƙafafun gaba suke zaune. Idan ya karye mota na cikin gudu, taya kan kauce daga mazauninta, sitiyari ya ƙwace. Duk wanda ya san gangaren Hawan Kibo a kan hanyar Jos zuwa Akwanga ya san abin da hakan ke nufi.

Misalin da aka fi sani shi ne Mercedes-Benz SL samfurin R107, mai ƙofa biyu, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1989. Ƙaramin shasinta kan tsage daidai inda hannun ƙasa na ƙafar gaba yake kamawa, har kamfanin ya kira wasu daga cikin motocin a Amurka domin a duba su a ƙara musu ƙarfe, sannan ya sake fasalin wurin a motocin 1986. Ba haɗari ne ke jawo wannan tsaga ba. Gajiyar ƙarfe ce. Kowane rami, kowane birki, yana lanƙwasa ƙarfen kaɗan, har wata rana ya buɗe daga bakin tsohuwar walda ko ramin kusa. Motocin da suka yi shekaru a ƙasashen sanyi kuma sukan zo da tsatsa ta ciki, saboda gishirin da ake zubawa a kan tituna lokacin ƙanƙara. Titunan da damina ta ci a Filato suna ƙarasa abin da gishirin ya fara.

Alamun ba su da wuyar ganewa: ƙara a ƙarƙashi idan an taka birki, mota na ja gefe guda, taya na cinyewa ta gefe ɗaya, kuma duk yadda aka daidaita ƙafafu ba su jimawa sai su sake karkacewa.

A nan ne lissafi ke shigowa. Tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin SAP tare da kasuwar musayar kuɗin waje ta biyu, farashin kayan gyara na waje ya zama yana bin dala. Faɗuwar naira a wancan lokaci ce ta sa sabuwar Peugeot ta Kaduna ta gagari ma'aikaci, kasuwa ta koma ga motocin gwanjo na Kwatano. Da aka sake sakin naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Ladan makanike da mai walda kuwa da naira ake biya, kuma bai tashi daidai da tashin dala ba. Saboda haka mai mota a Jos, ko ya nemi na gwanjo a Dilimi, ko ya aika Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, zai tarar walda ta fi araha nesa ba kusa ba. Ga motar da ba ta da yawa a ƙasar, na gwanjon ma ba lallai a same shi ba, in an samu kuma shekarunsa ɗaya da wanda ya tsage.

Sai dai walda iri biyu ce. Akwai ta gaggawa, inda za a ɗaga mota a bi bakin tsagar da wuta tana ɗaure a jiki. Wannan tana rufe abin da ido ke gani kawai, tsagar na ci gaba ta ciki, ga haɗarin wuta kusa da bututun mai. Aikin kirki yana farawa da tallafe inji a kwance ƙarfen gaba ɗaya, a wanke shi, a kankare fenti da tsatsa. Tsohuwar dabara ta gano iyakar tsaga ita ce a shafa kananzir, a goge, a barbaɗa garin alli. Man da ya maƙale a ciki zai fito ya zana layin. Daga nan a huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar domin ta daina tafiya, a fafe bakinta da abin gurza yadda walda za ta ratsa kaurin ƙarfen duka.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne zafi. Ƙarfe kan murɗe idan ya sha wuta a wuri guda, kuma kaucewar ramukan kusa da 'yan milimita kaɗan ta isa ta hana ƙafafu daidaituwa har abada. Don haka ake ɗaure shi a kan teburin ƙarfe, a auna tazarar ramukan kafin aiki da bayansa, a yi waldar guntu-guntu ana barin ta ta huce. Waldar kabaid, wadda ta dace da gyaran jikin mota, tana baza zafi da yawa. Ta lantarki ta fi dacewa. Bayan haka a ɗora facin ƙarfe mai kauri daidai da na asali, a zagaye kusurwoyinsa. Faci mai kauri fiye da kima yana mayar da nauyin zuwa gefensa, sabuwar tsaga ta fito a can. Ɗaya ɓangaren ma a ƙarfafa shi, ko da bai nuna komai ba.

Mafi yawan ladan wannan aiki na kwancewa da mayarwa ne, ba na waldar kanta ba. Wanda ya zaɓi ta gaggawa ya jinkirta wannan ladan ne kawai, ya kuma ƙara da kuɗin tayoyin da za su cinye kafin nan. Tun da an riga an sauke ƙarfen, lokacin ne mafi araha na sauya robobin mazauninsa da na inji.

Akwai inda walda ba ta da amfani. Idan tsatsa ta sirantar da ƙarfen, ko haɗari ya lanƙwasa shi, sauyi ne kaɗai mafita. Na aluminiyam, da ake samu a motocin da suka biyo baya, yana buƙatar waldar iskar agon, kuma zafi na rage masa ƙarfi a kewayen ɗinkin. Mafi yawan lokaci sauya shi ya fi.

Ga dillalai da masu saye, dubawa kafin ciniki ita ce ke raba riba da asara. A hau da motar kan rami, a wanke ƙarƙashinta, a haska fitila. Sabon baƙin fenti ko kwalta a wuri guda a jikin tsohon ƙarfe dalili ne na neman a kankare kafin a biya kuɗi.