Muryar Sahel da Hausar da Take Watsawa

An buɗe gidan rediyon ƙasar Nijar a Yamai a 1958, shekara biyu kafin samun mulkin kai, da sunan Radio Niger. A 1974, shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki, aka sauya masa suna zuwa Voix du Sahel, wato Muryar Sahel. Yana watsa labarai, faɗakarwa kan noma da kiwon lafiya, wa'azi, wasan kwaikwayo da kiɗan gargajiya, cikin Faransanci da harsunan ƙasa kamar Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Tamajak.

Ga ɗalibin kimiyyar harshe, ɗakin labarai ya fi ɗaukar hankali. Sanarwar hukuma takan zo da Faransanci, sai mai fassara ya yanke shawara cikin gaggawa: ya ce "lakkol" ko "makaranta"? Ya furta "fata" irin ta Kano, ko "hwata" irin ta Gobir da Adar? Zaɓin da ya yi shi ne ke shiga kunnen manomi da makiyayi, waɗanda da yawansu ba su taɓa buɗe ƙamus ba. A ganina, tsofaffin faya-fayan gidan sun cancanci kundin bincike guda, musamman yanzu da dokar 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa.