Babi na Sha Ɗaya: Makomar Ɗaukar Hoto

Maganar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce wai wayar hannu ta kashe sana'ar hoto. Wannan magana ta ishe ni, domin masu yin ta suna haɗa abu biyu da ba su zama ɗaya ba, wato cinikin kyamara da aikin ɗaukar hoto. Cinikin kyamara kam ya faɗi warwas. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kusan miliyan 121 zuwa kasuwannin duniya, amma a 2020 ba su kai miliyan 10 ba. Hoto kuwa ba a taɓa ɗaukar sa da yawa kamar yau ba.

An taɓa yin irin wannan kuka. A 1888 George Eastman ya fito da ƙaramin akwatin Kodak a Amurka, da fim mai ɗaukar hoto ɗari a cikinsa. In ka gama sai ka aika akwatin kamfani, su wanke maka, su sa sabon fim su dawo maka da shi. Daga ranar kowa ya zama mai hoto, amma ɗakunan hoto ba su rufe ba. Waɗanda ba su da abin sayarwa sai danna maɓalli, su ne kasuwa ta guje wa.

Labarin Kodak ɗin ma ana ba da shi a karkace. Za ka ji ana cewa kamfanin ya yi barci har fasahar zamani ta wuce shi bai sani ba. Ina! A cikin Kodak aka ƙera kyamarar dijital ta hannu ta farko, wadda ba ta amfani da fim. Wani matashin injiniya, Steven Sasson, shi ya haɗa ta a 1975. Nauyinta ya haura kilo 3, hotonta baƙi da fari ne, ɗigo 100 a tsaye 100 a kwance, kuma sai ta ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kaset irin na rediyo, sannan a nuna shi a talabijin. Shugabannin sun gani da idonsu. Abin da ya ɗaure su shi ne ribarsu tana cikin fim da takarda da sinadarin wanki, ga kuma na'urar da ba ta buƙatar ko ɗaya. Suka riƙe tsohon ciniki har ya zame musu ƙarfen ƙafa. A Janairun 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi, kuma a shekarar nan Facebook ya sayi Instagram, mai ma'aikata 13, a kan dala biliyan 1.

Yadda kyamarar waya take aiki ba sai mun daɗe a kai ba. Akwai ɗan faifai mai karɓar haske, wayar tana ɗaukar hotuna da dama a ƙiftawar ido, ta haɗe su, ta goge duhu, ta ba ka guda ɗaya. Shi ke nan. Amma don Allah a daina auna kyamara da yawan megafiksel. Mai sayar da waya zai ce maka wannan 108 ce, waccan 50 ce, kai kuma ka ɗauka ka sayi gwaninta. Yawan ɗigo yana ba ka damar faɗaɗa hoto ne kawai. Kyan hoto daga haske yake, kuma nan nake so mu zauna.

Duk wanda yake son ya san inda wannan sana'a ta dosa, ya nemi hotunan Seydou Keïta ya zuba musu ido. Mutumin Bamako ne, ya buɗe wurin hotonsa a 1948. Mafi yawan aikinsa a tsakar gida ya yi shi, da hasken rana. Yakan rataya zane mai ado a baya, ya ajiye rediyo ko agogo ko babur don wanda yake son a gan shi da su, ya gyara wa mace zaman ɗankwali, ya karkata mata kafaɗa, ya jira. Saboda tsadar fim, sau ɗaya yakan danna wa mutum. Ka duba fuskokin: baƙar fata tana sheƙi, ana ganin tsagar kumatu da zaren leshi ɗaya bayan ɗaya, farin boyel bai ƙone ba, inuwar ido ba ta cinye ƙwayar ba. A 1991 aka nuna wasu daga cikin hotunansa a birnin New York ba tare da sunansa ba, aka rubuta cewa ba a san mai su ba. Sai da aka bi sawu har Bamako aka same shi, ga dubban negatif ɗinsa a adane. Maƙwabcinsa a sana'a, Malick Sidibé, wanda ya bi samari da 'yan mata wuraren rawa da bakin kogin Neja, ya karɓi babbar lambar girmamawa ta baje kolin Venice a 2007.

Abin da ya sa aikin Keïta ya fi ba ni mamaki shi ne kayan hoto ba don fatarmu aka auna su ba. Shekaru da dama wuraren wanke hoto mai launi suna daidaita injinsu da katin gwaji na Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda ake kira Shirley. Shi ya sa a tsofaffin hotunan makaranta za ka ga fararen riguna da haƙora, fuskoki kuwa sun nutse. Kamfanin Tecno ya gane wannan ya gyara kyamarorin wayoyinsa don baƙar fata, Google ma ya bi sahu a 2021. To amma inji ba zai ce wa amarya ta matso bakin zaure inda haske yake shigowa a kaikaice ba. Ba zai san cewa ranar tsaka tana huda rami a ƙarƙashin ido ba, ko cewa ƙurar hunturu tana tausasa haske bayan la'asar har ganuwa ta yi ja. Wannan ilimi a idon mutum yake.

Wa zai ci gaba da cin abinci da hoto ke nan? Mai hoton biki da ke ɗaukar baƙi ba su sa shi ba, ya ruga a babur ya wanko, ya baza katunan a bakin ƙofar zauren taro yana jiran kowa ya tsinci nasa, kasuwarsa tana ƙanƙancewa. Hoton fasfo ma hukumomi da yawa yanzu da kansu suke ɗauka. Amma hotunan kafin aure, da kamu, da dina, da tallar atamfa da turare a Instagram, da Hawan Daushe da ake ɗauka daga sama da ƙaramin jirgi maras matuƙi, duk aiki ne da ya ƙaru. Sai dai mai hoton yau dole ya haɗa da bidiyo da gyara a kwamfuta.

Ƙirƙirarriyar basira za ta kwashe hoton talla mai arha, babu shakka. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni na gasar hoto ta Sony da hoton da inji ya ƙirƙira, sannan ya ƙi karɓar kyautar don a tattauna batun. Ni a ganina wannan daraja zai ƙara wa mai hoton da ya je wurin da ƙafarsa. Mai ɗaukar hoto Fati Abubakar ta yi ta zaga Maiduguri tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki a lokacin da duniya ba ta jin komai game da Borno sai bam. Inji zai iya zana kasuwa, amma ba zai iya zama shaida ba.

Mai ɗaukar hoto don sha'awa shi ne ya fi kowa morewa. Wasu matasa ma sun koma wa fim, har Kodak ya dawo da fim ɗinsa na Ektachrome a 2018. Ba sai ka bi su ba. Wayar da ke aljihunka ta isa. Ka ɗauki mahaifiyarka a wuri ɗaya da hantsi, da azahar, da gab da magariba, ka jera ukun ka kwatanta. Wanda ya fi kyau ka kai a wanke maka shi a kati, ka rubuta suna da shekara a bayansa, domin waya tana ɓata, memori yana lalacewa, kuma jikokinka za su so su san fuskar wadda suka gada.