Ciwon Da Ba A Ƙirga Ba, Ba A Yi Masa Tanadi

Shekara biyu ke nan da kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya faɗi yana alwalar sallar Asuba. Ko da aka ɗaga shi bakinsa ya karkace, hannu da ƙafar dama sun saki. Kafin rana ta ɗaga gida ya cika, kowa da irin fassararsa. Wasu suka ce iska ce ta buge shi, wasu suka ce a binciki abokan hamayyarsa na kasuwa. Da muka kai shi asibiti aka auna jininsa, likita ya dube ni ya tambaya tun yaushe yake fama da hawan jini, kuma wane magani yake sha. Na rasa amsa. Kawu da kansa ne ya yi ƙoƙarin amsawa da harshen da ya yi masa nauyi, ya ce shi tunda yake bai taɓa kwanciya a asibiti ba.

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ba ni kunya. Ni ba likita ba ne, amma shekara da shekaru ina koyar da ɗalibai yadda ake binciken lafiyar al'umma, a gidana kuma akwai na'urar awon jini. Ban taɓa tunanin in ɗaura ta a damtsen Kawu ba, domin kullum na gan shi garau yake. A wajen hukuma ma, har zuwa safiyar da ya faɗi, ba ya cikin lissafin masu hawan jini. Irinsa suna da yawa a kowace unguwa, kuma su ne dalilin wannan rubutu.

Binciken lafiyar al'umma tambayoyi biyu yake neman amsawa. Ta farko, a cikin kowane mutum ɗari na wannan gari, nawa ne ke ɗauke da wannan cuta? Ta biyu, me ya bambanta waɗanda suka kamu da waɗanda ba su kamu ba, a abincinsu, sana'arsu, ruwan shansu, shekarunsu ko gadonsu? Amsar tambaya ta farko ita ke gaya wa hukuma yawan magani da ma'aikatan da za ta tanada. Amsar ta biyu ita ke nuna inda za a datse cutar tun kafin ta kai ga mutum.

Mai karatu zai iya cewa ai asibitoci suna da rajista, me ya sa sai an bi gida-gida? Duk wanda ya taɓa sayen kwandon tumatir ya san cewa abin da ke sama ba shi ne shaidar abin da ke ƙasa ba. Rajistar asibiti saman kwando ce. Tana ɗauke ne da waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu, suna da kuɗin mota, kuma iyalinsu sun yarda a kai su. Ba ta san da matar da ke ƙauyen da babu hanya ba, ko wanda ya tsaya a kemis, ko mai ciwon da bai fara nuna alama ba. Saboda haka masu bincike suke zaɓar unguwanni da gidaje ta hanyar ƙuri'a, yadda gidan mai unguwa da gidan ɗan ga-ruwa za su sami dama iri ɗaya ta shiga lissafi. In an yi zaɓen da kyau, 'yan dubbai kan wakilci miliyoyi.

Mun ga amfanin haka a ƙasar nan. Shekaru da dama ƙiyasin masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ya fi dogara ne ga gwajin mata masu zuwa awon ciki. A 2018 aka gudanar da babban bincike na gida-gida a duk jihohin Najeriya, aka gwada jinin mutane kimanin dubu ɗari biyu. Sakamakon da aka bayyana a watan Maris na 2019 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari ne na masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da cutar, alhali a da ana ƙiyasta kashi 2.8. Binciken ya kuma nuna jihohin da cutar ta fi yawa, aka san inda ya kamata a karkata kuɗi da ma'aikata.

A batun hawan jini kuwa, ƙirga ta nuna matsalar ta fi yadda ake zato. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 sun ce manya biliyan 1.28 masu shekara 30 zuwa 79 ne ke da hawan jini a duniya, kashi 46 cikin ɗari ba su san suna da shi ba, kuma kusan mutum ɗaya ne kawai cikin biyar ya shawo kan nasa. A Najeriya, binciken ƙasa da marigayi Farfesa Akinkugbe ya jagoranta a farkon shekarun 1990 ya sami kimanin kashi 11 cikin ɗari. Binciken shekarun baya-bayan nan kuwa na nuna kusan mutum ɗaya cikin manya uku. Sai dai a nan akwai darasin da nake yawan nanata wa ɗalibaina. A wancan lokaci sai awo ya kai 160 bisa 95 ake kiransa hawan jini, yanzu kuwa daga 140 bisa 90 ne. Wani ɓangare na ƙarin ya zo ne daga sauyin mudun awo, wani kuma daga sauyin rayuwarmu. Wanda bai tambayi irin mudun da aka yi amfani da shi ba zai iya tsorata jama'a ko ya yaudare su da alƙaluma na gaskiya.

Tambaya ta biyu, ta abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa, ita ma tana da tarihi. Lokacin da shugaban Amurka Roosevelt ya rasu a 1945 sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, likitoci da yawa suna ganin hawan jini wani abu ne da ke zuwa da tsufa, ba lallai a taɓa shi ba. A 1948 aka fara bibiyar mutum 5,209 a wani gari mai suna Framingham, ana auna su duk bayan shekara biyu. Daga wannan haƙuri ne duniya ta tabbatar cewa hawan jini, shan taba, ƙiba, ciwon suga da yawan kitse a jini suna ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Abin lura shi ne, abin haɗari ba hukunci ba ne. Akwai mai shan taba da ya kai shekara casa'in, amma in aka jera mashaya dubu da waɗanda ba sa sha dubu, za a ga ɓangaren da makoki ya fi yawa.

Ba sai mun je Amurka ba. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa bayan jijjiga a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi aiki ba. Da aka bi gida-gida a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ana tambaya, ana gwada jinin yara da ƙasar tsakar gida, sai aka gano kusan yaro ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu a cikin shekara guda. Dalili shi ne gubar dalma. Duwatsun zinaren da ake haƙowa cike suke da ita, ana niƙa su a cikin gidaje, ƙurar ta kwanta a inda yara ke rarrafe suna kai hannu baka. Yara fiye da 400 ne suka rasu. Amma da aka gano sababin, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar, aka fitar da niƙan daga gidaje, aka ba yara maganin fitar da gubar, mace-macen suka ragu ƙwarai. Da an tsaya a rajistar asibiti, da zazzaɓi za a ci gaba da rubutawa.

Akwai kuma misalin da ke koya mana tawali'u. A shekarun 1970 likitoci a Zariya, ciki har da Davidson da Parry, sun rubuta cewa ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ya yi yawa a yankin, suka danganta shi da wankan jego, kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa. Wannan bayani ya daɗe a littattafan koyar da likitoci. Bayan shekaru kusan arba'in, binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na ƙasar nan bai tabbatar da wannan alaƙa ba. Abubuwan da suka fi fitowa fili su ne rashin ilimi, rashin abin yi, rama da hawan jini lokacin goyon ciki. Wannan ba izini ba ne na ɗura wa mai jego kanwa, domin kanwa 'yar'uwar gishiri ce wajen tayar da jini. Abin da yake nunawa shi ne, ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya, kuma bincike ne kaɗai ke gyara kuskuren bincike.

To, me ya sa idan ɗalibanmu suka yi sallama a ƙofar gida da takardu a hannu, sau da yawa ake ce musu maigida ba ya nan? Ba zan kira wannan jahilci ba. Jama'ar Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kimanin 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka rura ƙin rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ya kamata jama'a su san haƙƙinsu: babu mai ikon ɗaukar jininka ko amsarka sai ya yi maka bayani da harshen da kake ji, ya nuna izinin kwamitin kula da ɗa'ar bincike, kuma kana da damar ka ƙi ko ka janye a kowane lokaci.

Mu malaman jami'a ma muna da namu laifin. Mukan shiga ƙauye, dagaci ya tara mana mutane, mata su bar girki su amsa tambayoyi, mu koma mu rubuta sakamako da Turanci a mujallar da ko hakimin yankin ba zai taɓa gani ba. Mu mu sami ƙarin girma, su kuwa ko labari. Wanda aka yi wa haka sau biyu, ba laifinsa ba ne in ya rufe ƙofa a karo na uku. Ina ganin bai kamata jami'a ta amince da kammaluwar binciken ɗalibi ko malami ba sai ya koma inda ya tattaro bayanai ya faɗa musu abin da ya gano, da Hausa, a ƙofar fada ko a rediyo, kuma duk wanda aka samu da ciwo an haɗa shi da asibiti.

Gwamnatocin jihohi kuma su daina jiran ƙungiyoyin waje su ƙirga mana marasa lafiyarmu. Mai biyan kuɗin bincike shi ke zaɓar cutar da za a bincika, shi ya sa hawan jini, ciwon suga da ciwon ƙoda suka daɗe a baya. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Ko ɗan abin da ake warewa, in babu ƙididdiga, rabo ne a cikin duhu. Kowace jiha tana iya haɗa kai da jami'arta ta auna jini da suga na zaɓaɓɓun gidaje duk bayan 'yan shekaru, kuma kowane asibitin sha-ka-tafi ya mallaki na'urar awo mai aiki.

Kai kuma mai karatu, kada ka jira sai an zo ƙofarka. Hawan jini ba ya sallama, kuma rashin ciwon kai ba shaidar lafiya ba ce. Ka auna naka, ka kai iyayenka su auna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen ɗanɗano da kanwa suna cikin wannan lissafi. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. Riƙo da sababi bai saɓa wa tawakkali ba.

Da Babbar Sallar da ta wuce na tafi gida da na'urata. Da farko 'yan'uwa suka yi ta noƙewa, wani ya ce shi ba ya son a tono masa abin da ke kwance. Kawu yana zaune a kujerarsa a zaure, sandarsa a gefe. Ya ɗaga hannun hagu, wanda shi ne ya rage masa, ya nuna babban ɗansa ya ce, "Kai, miƙa masa hannu. Ni da na miƙa da wuri, da yau da ƙafata na je Idi." Ranar har matan gida sai da aka auna, kuma an sami waɗanda washegarin hutu sai da muka kai su asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu lafiya lafiya.