Addu'a Da Fartanya: Darasi Daga Gulbin Rima

Duk shekarar da damina ta yi gardama, ko ruwa ya ci gonaki, akwai maganar da kan taso a taron ƙungiyoyinmu. Wani ya ce, "Haka Allah ya so, ba mu da abin yi." Wani kuma ya ce, "Allah ya gama nasa tun da ya ba mu hannu da hankali, saura namu." To, wanne ke da gaskiya? Bari mu duba abin da ya sami manoman Wurno da Raba da Goronyo, a gabashin Jihar Sakkwato.

Ƙasar fadama

Wurno da Goronyo suna bakin Gulbin Rima, Raba kuwa tana bakin Gulbin Sakkwato. Tun kaka da kakanni mutanen nan suna shuka gero da dawa a tudu, shinkafa a fadama, da rani kuma su yi lambun albasa da tafarnuwa, suna ban ruwa da jigo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, babban malami ne, amma an san shi da ƙarfafa jama'a su zauna a garuruwa su riƙe noma da sana'a. Watau maƙwabtanmu Musulmi ma sun daɗe da sanin tawakkali ba zaman banza ba ne.

Fari da madatsun ruwa

Daga 1972 zuwa 1974 aka yi babban fari, dabbobi suka mutu, rumbuna suka ƙare. A 1973 gwamnati ta kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Aka gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984, wadda ke iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Da yawa suka ɗauka an gama da matsalar ruwa ke nan.

Amma ba haka ya zama ba. Da aka tare Gulbin Sakkwato a Bakolori, ambaliyar da kan jiƙa fadamun ƙasa kowace shekara ta ragu. Wasu manoman shinkafa suka koma gero da dawa, masunta kuma suka ga kifi ya yi ƙaranci. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya cinye ƙauyuka da gonaki ana dab da girbi. A ranin 2018 kuwa tabkin ya janye har ya rage wajen kashi ɗaya cikin goma, saboda ƙarancin ruwan sama a 2017 da kuma yashi da laka da suka taru a cikinsa.

Darasi na farko ke nan: siminti da ƙarfe ba su da iko da gajimare. Wanda ya ce ba ya bukatar Allah domin akwai dam, ya ruɗi kansa.

Ruwan da ke ƙarƙashin ƙafa

Ga darasi na biyu. Tun daga shekarun 1980 aka soma haƙa ƙananan rijiyoyin burtsatse a fadamu, ana jan ruwa da ƙaramin inji. Shirin Fadama na ƙasa, wanda ya soma a farkon shekarun 1990 da tallafin Bankin Duniya, ya yaɗa wannan dabara ta hannun ƙungiyoyin manoma. Ruwan nan yana kwance a ƙarƙashin fadama tun kafin a haife mu. Allah ne ya ajiye shi, amma bai fito ba sai da aka haƙa. Wanda ya naɗe hannu yana jiran mu'ujiza, a bisa ruwa yake zaune da ƙishirwa.

Littafi Mai Tsarki ma haka ya koya mana. Allah ne ya nuna wa Yusufu yunwar da za ta zo wa Masar, amma Yusufu ne ya yi shekara bakwai yana tara hatsi. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro a kan garun Urushalima. Manzo Bulus ya tsauta wa waɗansu a Tasalonika da suka bar aiki suna cin gumin 'yan'uwa. Hausawa suka taƙaita duka da cewa, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Saboda haka mu rarrabe. Saukar ruwa da ɗaukewarsa ba a hannunmu suke ba. Amma sare itatuwan bakin gulbi har ƙasa ta zaizaye, da gina gida a hanyar ruwa, da sayar da hatsi duka da kaka, waɗannan aikinmu ne. Kada mu ɗora wa Allah abin da ya riga ya ba mu hankalin kauce masa.

Abin da ƙungiya za ta yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abubuwa huɗu da za ku tattauna a taro mai zuwa:

1. Ku gina rumbun ƙungiya a kan tudu. Kowa ya zuba rabonsa da kaka, kada a buɗe sai lokacin da hatsi ya yi tsada.

2. Ku ware iri mai saurin nuna, ku nemi shawarar malamin gona, ku kuma saurari hasashen damina da hukumar kula da yanayi ke bayarwa a rediyo.

3. Ku buɗe asusun gyaran inji da sayen mai, domin kada lambu ya ƙone ana jiran bashi.

4. Ku yi gayya ku dasa itatuwa a bakin gulbi, ku naɗa wanda zai riƙa lura da tashin ruwa ya sanar da jama'a, Kirista da Musulmi baki ɗaya.

'Yan'uwa, mu buɗe taro da addu'a yadda muka saba. Amma kada a tashi sai an san wa zai yi me, da kuma wace rana. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya kuma same mu a bakin aiki.